Gajimare Mara Inuwa

Litinin, ƙarfe tara na safe

Ya tafi.

Na ji hon ɗin direba, na ji ya ɗauki jaka, na ji ya tsaya a ƙofar ɗaki. Ya daɗe a tsaye. Ni kuwa na ba ƙofa baya, na rufe ido, har da jan numfashi irin na mai barci. Ya ce, "To, sai na dawo." Ko yatsa ban motsa ba.

A littattafan da nake karantawa, a nan ne mijin yake ajiye jakar, ya dawo ya zauna a bakin gado. Nawa mijin jan ƙofar ya yi a hankali don kar ya tashe ni.

Kwana goma sha biyu za su yi. Su uku ne: shi, da Dogo abokin aikinsa, da direba.

Litinin, bayan la'asar

Na dafa shinkafar mutum biyu. Mantuwa ce.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Wannan littafin rubutun nasa ne, na ofis, bai taɓa ko shafi ɗaya ba. Na ɗauke shi don ba ni da wanda zan gaya wa. Maganar da na faɗa masa ranar Lahadi ba zan rubuta ta a nan ba. Ta riga ta fita.

'Yan gidansu Ɗan Sama suke ce masa, don aikinsa kallon ƙasa ne daga sama. Tauraron ɗan'adam yana ɗauko hoton duniya, su kuma a ofishin kula da muhalli su zauna gaban kwamfuta su karanta: ina ruwa ya ja baya, ina itatuwa suka ƙare, ina yashi ya cinye gona. Kafin aurenmu, ranar da nake sa ran zai kawo min turare, hotuna biyu ya kawo. Babban tafkin nan ne, na shekara talatin da suka wuce da na bana. A na farko ruwa ya cika takardar. Na biyun kamar an zubar da ruwan wanki a tsakar gida rana ta bi ta kansa.

Ya ce, "Kin gani? Mutane sun bi ruwan sun shiga ciki, sun yi gonaki da gidaje a inda kifi yake iyo a da. Ruwan sama kuma yanzu ba ya zuwa da tsari. Ko ya ƙi zuwa, ko ya sauke na wata uku a kwana uku. Ranar da tafkin zai tuna da wurinsa nake tsoro."

Yana magana ina kallon gashin idonsa. Na ce a raina, wanda ya damu da tafki haka, ina ga matarsa.

Can suka tafi yanzu. Babu sabis a wurin. Waya ɗaya ce tak take aiki, wata ƙatuwa ta ofis, kuma Oga, shugaban ofishin, kaɗai ake kira da ita kowace safiya.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ya bar ambulan a kan firiji, ya rubuta a bayanta in kai wa Anti. Anti ita ce babba a ɗakin kwamfutocinsu, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Ɗakin sanyi kamar cikin randa, sun rufe labule da sauran rana.

"Ƙanwata! Kin zo a kan gaɓa. Za ki ga mijinki?"

Na ce, "Sun dawo ne?"

Ta yi dariya har tana dafe tabarau. Ta ja min kujera, ta buɗe hoto a allo. Ko'ina ja jawur. Na dafe ƙirji na ce, "Anti, wuta ce?"

"Ciyawa ce, 'yar gari. A irin wannan hoton ganye ja yake fitowa. In ya yi ja sosai, lafiyarsa ƙalau. Baƙin nan shi ne ruwa."

Ta yi ta jawo hoton kusa har ya zama gida-gida kamar tabarma. A tsakiyar jan nan sai ga wani farin ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba.

Ta ce tauraron duk bayan kwana biyar yake bi ta saman wurin, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Kafin ya zo, su maigida suna shimfiɗa manyan fararen tamfol a inda suke awo. In hoton ya iso da yamma, ta ɗigon nan ake sanin daidai inda suka tsaya, a gwada abin da suka auna a ƙasa da abin da tauraro ya gani.

Na ce, "Shi ke nan mijin nawa?"

"Shi ke nan. Ɗigo ɗaya. Ki gode Allah, wasu ko ɗigon ba su samu ba."

Da ta juya tana buɗe ambulan, na ɗora yatsa a kan ɗigon. Gilashin da ɗumi.

Juma'a, hantsi

Na share gida duka ban da ƙaramin ɗaki. Fentin ruwan ƙwai da muka zaɓa har yanzu ana jin warinsa ta ƙasan ƙofa. Wata biyu ke nan da na yi ɓari. A wancan makon ma yana tafki.

Na ce ba zan rubuta ba.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na koma ofis. Na yi ƙaryar na zo wucewa ne. Anti ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ai hanyar kasuwa ta nan ta bi, na sani."

Ɗigon ya tashi daga inda yake, ya matsa ciki, kusa da baƙin ruwa. Zango na biyu ke nan. Ranar Asabar na uku, daga nan sai gida.

A hanya na yi ta tsara yadda zan tarbe shi. Ba zan fito da gudu ba. Zan bari ya yi sallama sau biyu. Zan sa shuɗiyar rigar, in miƙa masa ruwa ba tare da na dube shi ba, shi kuma ya riƙe kofin da hannuna tare. Na san ba zai riƙe ba. Zai shanye ya ce akwai ƙari?

Laraba, ƙarfe goma na safe

Ruwa tun jiya. Rediyo ta ce wajen tafki ya fi ƙarfi.

Laraba, bayan azahar

Na kira Anti. Ta ce wayar ofis ba ta shigo ba yau, amma in hadari ya yi yawa takan yi haka. Ta faɗi "takan yi haka" sau uku.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Matar direba ta zo. Ban taɓa ganinta ba sai yau. Doguwa ce, muryarta tana riga ta shiga ɗaki, 'ya'yanta biyar. Ta zauna a ƙasa ta ƙi kujera.

"Amarya, kin ji wani abu? Ni an ce min in yi haƙuri. Na ce haƙurin me, ai sai an gaya wa mutum abin da ya faru sannan ya san irin haƙurin da zai yi."

Na ce ban ji komai ba.

"To ki kwantar da hankalinki. Wancan mutumin nawa tsoron ruwa yake kamar mage. Wanka ma sai na yi masa gori. Wallahi yana ganin ruwa ya taso zai juya motar ya nemi tudu, ko mijinki ya yarda ko bai yarda ba."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Sai ta ga kwalin littattafaina a gefen gado, ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

"Duk kin karanta waɗannan? A ciki mazan suna dawowa?"

Na ce, "Kullum. A shafi na ƙarshe."

"To Allah ya sa mai rubuta namu ya san aikinsa."

Da za ta tafi ta tsaya a ƙofa tana gyara mayafi, ta daɗe tana gyarawa. Ba mayafin ne ya lalace ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yau ne ya kamata su kamo hanya.

Anti ta buɗe ofis don mu, ni da matar direba. Hoton ya iso. Fari fat daga sama har ƙasa, kamar an shimfiɗa auduga. Gajimare ne ya rufe komai.

Anti ta ce akwai wani tauraron da yake gani ta cikin gajimare, amma shi ruwa da tudu kawai ya sani, ba ya bambance fari da baƙi. Ta nuna mana nasa hoton. Tafkin da na sani kamar ruwan wanki ya koma irin na tsohon hoton nan. Ya tuna da wurinsa. Hanyar da suka bi ta shiga ruwa a wuri huɗu. Abin da ya rage tuddai ne, barbaje cikin baƙi.

Na ce, "Guda nawa ne?"

"Sun fi ɗari biyu."

Matar direba ta ce, "To ai sai a bi su ɗaya bayan ɗaya."

Jiragen ruwa uku ne kawai, kuma akwai ƙauyuka cike da mutane a kan rufin ɗaki.

Lahadi, ƙarfe sha biyu na rana

Mama ta zo da jakarta. Mahaifiyarsa. Ba ta tambaye ni ko ina son ta zauna ba, ni ma ban tambaye ta kwana nawa ba.

Ba ta kuka. Ta wanke labulayen falo, ta jera min tukwane daga babba zuwa ƙarama, ta ce gishirina ya sha iska. Ta nufi ƙaramin ɗaki da tsintsiya, ta murɗa ƙofar ta ji ta a kulle. Ta dube ni. Ta ajiye tsintsiyar ta ce, "Bari in ɗora mana shayi, 'yar nan."

Muna sha ta ce tun yana yaro haka yake. In aka neme shi aka rasa, a duba kan katanga ko kan bishiya. Wai yana son ya ga yadda gidan yake in ba ya ciki.

Ga shi ya samu. Sai dai ba ya gani.

Talata, da safe

Kwana shida babu waya. Na sa rigarsa ta barci a ƙarƙashin filo, na cire kafin Mama ta shigo.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Gajimare ya yage yau, an ga ƙasa ta tsakaninsa.

Oga da kansa ya kira mu ofishinsa. Mutum ne mai yawan gyaran murya. Ya ce inda ya kamata su yi zango na uku ruwa ya shanye shi. Ya ce Anti ta bi hanyar dawowa taku-taku a hoton, daga zangon har bakin kwalta, ba tamfol, ba alama. Ya ce jirgi ɗaya zai ci gaba da bin tuddan da ke gefen hanyar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, abincinsu na kwana nawa ne?"

Ya gyara murya. "Sha huɗu, in sun yi tattali."

Yau kwana goma sha bakwai da tafiyarsu. Ban faɗa ba. Kowa a ɗakin ya iya ƙidaya.

Matar direba ba ta yi wasa ko ɗaya ba yau. A bakin titi ta riƙe hannuna ta ce ƙaramar 'yarta ta daina tambaya, kuma wannan ya fi tambayar ciwo.

Asabar, hantsi

Na ɗauko littafi don in huta, na kai shafi na tara na rufe. Yarinyar ciki tana kuka don saurayinta bai kira ta ba tun safe. Na ji kamar in shiga littafin in mare ta. Da ni ce ita.

Abin da yake cina ba ruwan ba ne. Ƙofar ce. Ya daɗe a tsaye. Na san ya san idona biyu, don ya taɓa gaya min in ina barcin gaske bakina a buɗe yake.

Da na juyo kawai. Ko ban ce komai ba.

Litinin, bayan azahar

'Yan'uwa sun fara zuwa. Suna zama a falo suna magana ƙasa-ƙasa. Wata gwaggonsa ta ce, "Yaro mai kirki ne, Allah ya sani, bai taɓa..." Mama ta ajiye kofi da ƙarfi ta ce, "Bai taɓa ba, kuma ba zai taɓa ba in ya dawo. Ku sha shayinku."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar a ji ni.

Gobe tauraro zai wuce.

Talata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Bari in rubuta a jere, kar in manta komai.

Na isa ofis tun kafin hoton ya iso. Anti ta rame, tabarau ɗaya kawai ta sa. Da ya iso ta yi aikinta, ta buɗe, ta sake bin hanyar nan taku-taku. Ba komai. Sannan ta buɗe babban hoton tafkin duka, wanda suke auna ambaliya da shi. Duk jikinsa ramuka ne baƙaƙe, kamar zanen da asu ya ci.

Na ce, "Anti, me ya huda shi haka?"

"Wanki ne. Kwamfuta tana wanke hoton kafin mu yi aiki da shi. Duk abin da ya cika fari ta san gajimare ne, sai ta cire shi, don kar ya ɓata mana awo."

Na ce ina son in ga wanda ba a wanke ba. Ta ce ba abin da zan gani sai gajimare. Na ce shi nake son gani. Gaskiyar magana, ba dabara ce ta sa ni ba. So nake in ga abin da maigida yake gani in ya ɗaga kai, ko da ta bayansa ne.

Ta gaji da yawa, ba ta da ƙarfin musu. Ta zaunar da ni a teburinsa, ta buɗe min ɗanyen hoton Alhamis da na yau, ta nuna min maɓallin da zan danna in koma wannan, in dawo wancan. Kofinsa yana nan a gefen allo, da busasshen shayi a gindinsa.

Na yi ta dannawa. Alhamis, yau. Alhamis, yau. Ƙananan gajimare birjik kamar garken tumaki, in na danna sai duk su yi tsalle su sauya wuri. Kowanne da baƙar inuwarsa a gefe tana bin sa. Na bar wajen hanya, don wajen ya ishe ni. Na yi ta yawo can cikin tafkin inda ba wanda yake dubawa, ina ba gajimaren sunaye, wannan raƙumi, wannan buta. Ban san na yi awa biyu ba.

Sai na ga wani ɗan ƙarami a kan wani tudu. Na danna, duk suka yi tsalle, shi bai yi ba. Na sake dannawa. Yana nan.

Na ce, "Anti, gajimare yana kwana biyar a wuri ɗaya?"

Ba ta juyo ba. "A'a."

"Wannan ya yi. Kuma ba shi da inuwa."

Ta taso a hankali. Ta sunkuya ta kafaɗata. Ta ce wataƙila rufin kwano ne. Ta buɗe hoton watan jiya: tudun nan ba komai a kansa sai jan ciyawa. Ta koma wankakken hoton, daidai wurin. Rami ne baƙi.

Ta zauna a ƙasa. Anti, da girmanta, a kan tayil.

"Mu muka goge su," ta ce. "Sun haɗa tamfol ɗin duka wuri ɗaya don mu gan su da kyau, ya yi girma, kwamfuta ta ce gajimare ne. Tun Alhamis suke kiranmu. Ni kuma hanyar gida kawai nake bi, ban taɓa kawowa za su ƙara shiga ciki ba."

Oga ya shigo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, don salla zai yi. Ya auna. Kilomita talatin da ɗaya daga inda jirgi yake nema, ta ɗaya gefen. Ya gyara murya ya ce kar mu ɗora rai da yawa, tamfol yana iya zama a wuri ko da babu... Bai ƙarasa ba.

Anti ta jawo hoton kusa har ya zama gida-gida. Ta ƙirga da bakin biro. Ranar Alhamis gida huɗu ne, a dunƙule. Yau shida, a miƙe.

Ta ce, "Yallaɓai, tamfol ba ya gyara wa kansa shimfiɗa. Akwai hannu a wurin."

Da zan fito ta riƙo mayafina ta ce, "Ƙanwata, ki yafe min kwana biyar ɗin nan." Na so in ce ba komai. Bakina ya ƙi. Na ce mata sai gobe. Allah ya sani zan yafe, amma ba yau ba.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Jirgi ya tashi da asuba. Sun ce sai gobe zai kai, don ciyawa tana naɗe injin.

Hannu. Hannun wa? Su uku ne.

Laraba, la'asar

Matar direba ta zo ta zauna. Da na gaya mata cikin tafkin suka ƙara shiga, ta buga cinya ta ce, "Ban gaya miki ba? Tudu ya gani! Ko a bayan duniya yake sai ya je." Sai ta fashe da kuka. Mama ta ba ta albasa ta ce ta yanka, kukan ya yi amfani.

Alhamis, ƙarfe ɗaya da kwata na rana

Oga ya kira. Bai gyara murya ba.

Su uku. Duka ukun da ransu.

Mama tana tsaye da ludayi. Na ɗaga mata yatsu uku. Ta ajiye ludayin a hankali, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Sai yanzu na ji muryar kukanta.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe, asibiti

Ya yi baƙi, ya rame, leɓensa duk ya tsage. Ƙafafunsa sun kumbura an naɗe su. Gemu ya fito masa ta inda ban san yana fita ba. Na shirya magana ta shafi uku a hanya. Da na shiga na gan shi, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sannu." Shi ma ya ce, "Sannu."

Dogo yana gadon gefe, bakinsa bai rame ba. Shi ya ba mu labari. Wayar ofis ta faɗa ruwa tun ranar farko da ruwa ya taso. Direba ya ƙi jin maganar kowa, ya yi ta tuƙi ruwa yana bin su har suka hau tudun. Sun tarar da makiyaya gida biyu da shanunsu, su ma ruwa ya tsare su. Madara ce ta riƙe su.

Ta bangon ana jin matar direba a ɗaki na gaba tana yi wa mijinta faɗa, wai ya tafi da sabon bargonta bai dawo da shi ba.

Dogo ya ce, "Madam, mijin nan naki sai addu'a. Ranar da tauraro zai wuce, tun safe yake tashe mu jan tamfol, mutum ko tsayuwa ba ya iyawa. In sha ɗaya ta yi kuma sai ya je bakin tamfol ɗin ya tsaya, ya ɗaga hannu sama. Na ce masa, Ɗan Sama, kai da ka san mota guda ma ba ta fitowa a hoton, wa zai ga hannunka? Makiyayan nan har sun fara tausaya masa, sun ɗauka yunwa ce ta taɓa shi."

Maigida ya ce, "Dogo, ka cika surutu."

"Ƙarya na yi?"

Yana kallon silin. Can ya ce, ba ni yake kallo ba, "Na san ba a gani. Anti ta ce kin zo ranar Larabar farko. Oga ya gaya min a waya kafin ta faɗa ruwa. Sai na ce wataƙila kina zuwa sauran ma."

Nas ta shigo ta duba ruwan da ake ƙara masa, ta fita. Maganar ranar Lahadi ba mu yi ta ba. Za mu yi, ita da ta ƙaramin ɗaki, in ƙafarsa ta sace.

Na ce, "Wane hannun ne?"

Ya dube ni. Ya zaro na dama daga cikin bargo ya miƙo.

Ya yi barci tun ɗazu. Littafin a kan gwiwata yake, yana ta zamewa, shi ya sa rubutun ya karkace. Ba ni da hannun da zan riƙe shi da shi.